Mushe Maiwada da Hatimin Inna Ƙande

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a Waca ya san Mushe Maiwada, ko da bai so ba. A gindin dalbejiyar da ke kallon meri, wato ofishin magajin gari, yake kafa teburinsa, yana rubuta wa mutane takardun roƙo da na ƙorafi. Bai taɓa koyar da ko ɗan akuya a makarantar boko ba, wadda muke ce wa lakwal. Shi ya laƙaba wa kansa mushen, sunan da ake kiran malamin lakwal da shi, mutane kuma suka bar masa tunda suna ba ya cin hatsin kowa. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. A gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muka ci tuwo, babana ne ya kai mu lakwal rana ɗaya. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce, haƙƙina ne.

Maiwada na da wata baƙar jaka da ba ya rabuwa da ita ko masallaci za shi. A ciki akwai bik uku na rubutu, da kaye, wato littafin da yake rubutun a ciki, da ɗan akwatin tawadar dangwale, da wata takarda da ya sa a gilashi, wadda yake cewa diplom ɗinsa ne na binciken ƙwaƙƙwafi daga Yamai. Daga nesa yake ɗaga ta, ya mayar kafin ido ya sauka kan rubutun. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya, wai abin da ba shi da hatimi ko sa hannu ba gaskiya ba ne. In ka ce masa an yi ruwa jiya, yana tsaye cikin taɓo zai tambaye ka wa ya shaida.

Hinda kuwa 'yar wani ƙauye ce can bayan Dogo-Dogo. Ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram da Yamai, kowa ya ɗauka birni ya cinye ta ke nan, sai ga ta ta dawo ta kama ɗaki biyu a Guci ta ajiye tsofaffin ordinater uku. 'Yan mata take koya wa, da matan aure, da 'ya'yan makiyaya, har da wani kurma da ya fi kowa saurin hannu. In ta samu taro ko gidan rediyo maganarta ɗaya ce: na'urar nan ba ta tambayar ko kai namiji ne, ko ɗan birni ne, ko kana jin faransanci, mutane ne suke tambaya. Ɗalibanta sun kai sittin a kan na'ura uku, layi ake yi kamar a bakin rijiya.

Ana nan sai wata ƙungiya ta ce za ta ba cibiya ɗaya a jihar ordinater ashirin da farantan sola. Sharaɗinsu shi ne a kawo tarihin mai cibiyar a rubuce, kowane layi da shaidarsa, domin an sha kawo musu daktocin da ko firamare ba su gama ba. Ƙarya ɗaya in ta fito, an yar da dosiye, wato takardun neman, gaba ɗaya. Wakiliyarsu, Madam Zahara'u, za ta zo Guci ranar kasuwa bayan mako biyu ta karɓa.

Hinda ba ta iya yabon kanta ba, kuma ba ta da lokacin zama. Maiwada ya ji labari, ya shiga motar kasuwa har Guci, ya ɗaga mata gilashin nan daga bakin ƙofa. Ta ji nauyin furfurarsa ta miƙa masa kofin takardunta.

"Baba Maiwada, jera su kawai za ka yi, shekara bayan shekara," in ji ta.

Ya ce jerawa aikin masu tumatir ne, shi anket zai yi, wato bincike irin na manya, wanda in ya gama za a riƙa koyar da shi a makarantu. Da yake ni ke da moto, wato babur, ni ya ɗauka direba ba tare da ya tambaye ni ba.

Tun a takarda ta farko ya ci karo da abin da ya kira babban sirri. Diplom ɗin duk Hinda Mas'udu aka rubuta, alhali kowa na cewa 'yar marigayi Mala Yasin ce. Na ce masa ai Mas'udu kawunta ne, shi ya ɗauke ta riƙo tana shekara biyar, shi ya kai ta lakwal a Waca, da aka tambayi sunan uba ya ba da nasa, kamar yadda rabin garin nan suka yi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka gani a rubuce?"

"Na gani da idona."

"Idonka na da hatimi, Alkasim?"

Na ce babu, amma yana gani, wanda ya fi wasu masu tabarau. Ya ce in tayar da moto.

Muka tarar da Alhaji Mas'udu a rumfarsa yana awon gyaɗa. Ko gaisuwa Maiwada bai ƙarasa ba ya buɗe kaye, ya ce tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya yake so, Hinda 'yarsa ce ko ba 'yarsa ba ce. Na ga fuskar Alhaji ta canza. Mutumin da ya riƙe yarinya shekara ashirin, ya sayar da bijiminsa ya kai ta Yamai, ka zo gaban masu sayen gyaɗa ka tambaye shi haka? Ya ce 'yarsa ce duniya da lahira, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya matso kusa. Maiwada ya matso kusa, don a sa masa hannu. Tiyar awo ce ta fara isowa, gyaɗar ta biyo baya. Muna kan moto yana karkaɗe ɓawo daga wuyan riga yana rubutawa: uba na ɗaya ya tabbata, cikin ƙarfin hali.

Daga nan lissafinsa ya cika. Uba biyu, in ji shi, ba sa haifar mutum ɗaya. Saboda haka Hinda biyu ce, ɗaya mai diplom, ɗaya mai cin moriyar diplom ɗin. Saura a nemo ta gaskiyar.

Ya karɓi salulata ya ce zai tambayi intanet. Rezo, wato layin sadarwa, ya ƙi kamawa, sai da ya hau kan wani suri a bayan gari ya ɗaga hannu sama. Can ya samo wata Hinda Mas'udu mai sayar da atamfa da turaren wuta a Kano, har da lambarta. Ya kira, ya gyara murya, ya tambaye ta ko ta lura an sace mata diplom uku. Matar ta ɗauka ɗan damfara ne. Ina daga ƙasa ina jin yadda take wanke shi tas, ta fara da shi, ta wuce ga wanda ya ba shi lamba, ta gangara kan kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. Kafin ta gama tururuwa sun gama nasu binciken a cikin wandonsa. Ya diro yana tsalle, amma bai saki bik ba. Abin da ya rubuta shi ne, shaida ta biyu tana cikin tsananin ɓacin rai, alamar an cuce ta.

Saura uwa. Washegari muka kama hanyar Dogo-Dogo. Yashi ya riƙe moto sau huɗu, sau huɗu na sa shi ya tura, don na ce moto ba ya ɗaukar mai ilimi da yawa a cikin rairayi. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ƙarshe a bayan amalanken jaki ya shiga ƙauyen, rungume da jaka, yana ce wa mai jakin ya bi a hankali akwai takardun hukuma.

Inna Ƙande, mahaifiyar Hinda, tana bakin rumbu da mata suna sussukar gero. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Maiwada ya sha rabin ƙwarya, ya goge baki, ya buɗe kaye.

"Inna, kin san wata mai suna Hinda?"

Tsohuwa ta kau da kai ta dubi kaji. Ta ce wace ce kuma haka.

"Wadda ke Guci, mai ordinater. An ce ke kika haife ta."

"Ni ina na ga wata 'ya? 'Yar mutanen Waca ce."

Matan suka fara ƙunshe dariya cikin mayafi. Hinda 'yar fari ce, kuma ko yaron goye a ƙasar nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san da shi, ko da a ce zuciyarta a hannunsa take. Shekara talatin da huɗu Inna Ƙande ba ta taɓa furta sunan nan ba. Waccan take cewa, ko 'yar nan. Na raɗa wa Maiwada haka a kunne. Ya ce al'ada ba ta shiga rapor, wato rahoton bincike, abin da baki ya faɗa shi ake rubutawa. Ya sake tambaya sau uku, sau uku tsohuwa na ƙara nisanta kanta, har ta kai ga cewa ko a hanya suka haɗu ba lalle ta gane ta ba. Ya rubuta kowace kalma a kaye yana jin daɗi.

Ya fito da tawada ya ce ta dangwala. Inna Ƙande ta saba, duk takardar da ta zo daga gari dangwale ake nema, ta iri ce ko ta gidan sauro. Ta miƙa babban yatsa ta danna, ta koma kan turminta.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba. Da na so, da a ranar na kira Hinda na gaya mata. Amma shekara hamsin ina jiran ranar da Maiwada zai faɗi a gaban kasuwa, sai na ce bari in bar shi ya hau reshen ya sare da kansa. Na ɗauka kowa zai yi dariya a tashi. Ban san cewa tun ana gobe kasuwar Guci da dare ya sa an ɗauki hoton rapor ɗin an aika babban ofishin ƙungiyar ba, don kada wani ya riga shi cin suna.

Ranar kasuwar Guci aka kafa rumfa a ƙofar cibiyar. Ɗalibai sun cika, iyayensu sun zo, masu kasuwa sun bar kaya sun leƙo. Alhaji Mas'udu na gaba cikin babbar riga. Can baya, bayan masu daddawa, na hango Inna Ƙande a tsugune. Ta yi tafiyar rabin yini, amma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce daddawa ta zo saye.

Maiwada ya sa kwat cikin zafin nan, gumi na bin gemunsa. Da Madam Zahara'u ta nemi a karanta tarihin, ya miƙe ya ce ba tarihi ya kawo ba, fallasa ya kawo. Ya karanta da faransanci, ya fassara da kansa don kada kowa ya tsira. Uba biyu. Mai diplom ta gaskiya tana Kano tana kuka. Uwar da ake jingina wa ta ce ba ta san ta ba, ga dangwalenta. Ya ɗaga takardar ya juya ta gabas da yamma.

Sai wata mai ƙosai ta tambaya da ƙarfi ko Hinda ba 'yar fari ba ce, aka ce ita ce, sai rumfa ta ɗauki dariya. Mutum biyu suka riƙe Alhaji Mas'udu, yana cewa a sake shi, yau ba tiya zai jefa ba. Wani tsoho ya ce wa Maiwada ya je ya tambayi tasa uwar ko ta san shi. Maiwada ya ce jahilci ne ke dariya, kimiyya ba ta dariya.

Madam Zahara'u ma ba ta yi dariya ba, Hinda ma haka. Madam ta ce ita 'yar Damagaram ce, ita ma 'yar fari ce, ta san abin da ya faru tun kafin a gama karantawa. Amma rapor ɗin ya riga ya isa ofis, kuma waɗanda za su yanke hukunci ba su san kunyar ɗan fari ba, dangwale suka sani. Tun da safe aka kira ta aka ce ta ajiye dosiyen Guci gefe. Dariyar ta mutu a take. Na dubi Hinda na ga ta dafa bango, ta dubi ɗalibanta sittin, ni kuwa na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Madam ta ce bari a fara da mai binciken, tunda rapor ba ya tsayawa sai da shaidar wanda ya rubuta. Maiwada ya ɗaga gilashin daga nesa yadda ya saba. Ta ce ya kawo. Ya ce haske na ɓata shi. Bintu, wata matar aure 'yar makiyaya da ta koyi karatu a wurin Hinda, tana bayansa, ta sa hannu ta zare. Ta karanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda aka koya mata. Takardar shaida ce cewa mai ita ya halarci horon kwana uku kan rigakafin kaji.

"Bincike ne," in ji Maiwada. "Sai ka binciki kaza kafin ka yi mata allura."

Bintu ta ce ba ta gama ba, akwai suna. Ta karanta: Maiwada Usama.

Nan na miƙe, don wannan gonata ce.

"Mushe, Usama dai babana ne. Naka uban Yahuza sunansa. Kai wane Maiwadan ne, mai takardar ko mai cin moriyarta?"

Ya buɗe baki ya ce ai kowa ya sani kawu ne ya kai shi lakwal. Na tambaye shi ko ya gani a rubuce. Har masu awaki daga can ƙarshen kasuwa sai da suka zo jin abin da ake wa ihu. Mai ƙosai ta ce a nemo na gaskiyar, wataƙila yana Kano yana sayar da turare.

Amma faɗuwar Maiwada ba ta goge dangwale ba. Madam ta ce batun suna mai sauƙi ne, Alhaji zai yi bayanin riƙo a rubuta. Batun uwa ne mai wuya. Takarda ta ce ba ta haife ta ba, kuma babu abin da zai tashe ta sai ita mai yatsan ta faɗa da bakinta, ta kama suna, a ɗauka a salula a aika yau kafin a rufe ofis.

Hinda ta ce a'a. Ta ce a bar ordinater ɗin, za su ci gaba da ukun da suke da su, ba za a tsayar da tsohuwa a tsakiyar kasuwa a sa ta abin da ba ta taɓa yi ba.

Ba wanda ya kira Inna Ƙande. Ita ta tashi daga bayan masu daddawa, ta gyara lulluɓi, ta ratso mutane suna buɗa mata hanya. Ba ta dubi inda 'yarta take ba ko sau ɗaya. Ta tsaya gaban Madam ta nuna salular da ke hannunta ta tambaya ko a cikin wannan abin ake magana. Aka ce e. Ta matso da bakinta kusa da salular.

"Hinda," in ji ta. "Ni na haife ta, shekarar da fara ta cinye gero, a ɗakin da ke kusa da rumbu. Ubanta Yasin. Yayana Mas'udu ya riƙe ta. Hinda 'yata ce, ita ce ta fari."

Hinda ta durƙushe inda take ta rufe fuska da mayafi. Matar da ta tsaya gaban manya a Yamai ba ta ji tsoro ba, ga ta tana kuka kamar an yaye ta yau. Matan da suka yi dariya a bakin rumbu duk suka sunkuyar da kai. Ni ma sai na ga ya kamata in duba tayar motona.

Ana cikin haka ne aka ji ƙarar buɗe jaka. Maiwada ne, ya fito da akwatin tawada, ya matso yana gyara tabarau. Ya ce magana ta yi kyau, kuma anket ɗinsa ne ya fito da ita, amma a ƙa'ida ba ta zama gaskiya ba sai an dangwala.

Inna Ƙande ta dube shi tun daga tsinkakken takalmi har hula. Ta miƙa babban yatsa ta danna cikin tawada sosai, ta juya shi. Ya miƙo kaye. Ta wuce kayen, ta yi ɗage, ta manna masa a tsakiyar goshi.

"Ga shi nan. Duk wanda ya tambaya, ka nuna masa."

Tawadar mai kyau ce, shi da kansa yake fahariyar ba ta fita. Kwana huɗu yana zaune gindin dalbejiya da hula har gira, mutane na zuwa daga ƙauyuka ba don takarda ba. Ya ce min zai kai ƙara. Na ce ya kai, shaida dai ba zai rasa ba.

Ordinater ashirin sun iso Guci bayan kaka. Da na je ƙauyen kai wa Inna Ƙande labari, da goron ban haƙurin da ban san yadda zan fara ba, na tarar da ita a bakin rumbu tana tsince wake. Na ce Inna, kin ji abin arziki ya samu. Ta kau da kai ta dubi kaji.

"Na ji an ce 'yar nan ta mutanen Waca ta samu wasu kaya," in ji ta. "Allah ya sa alheri."